Wace Dalma Ce a Jikin Sabon Kurfoti?

Kalma ɗaya muke da ita ga ƙarafa biyu da ba su haɗa komai ba sai farin jiki. Idan uwar amarya ta shiga kasuwar Nasarawar Burkullu ta ce a ba ta tukunyar dalma, mai kaya ba zai tsaya tambaya ba. Ya san farar tukunyar nan ta zubi take nufi, mai kauri, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta fashewa. Idan kuwa likita a asibitin Anka ya ce yaro yana ɗauke da gubar dalma, wani ƙarfe dabam yake nufi, mai nauyi, mai laushi, wanda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse. Na farko alminiyam ne, wanda wasu dattawa ke kira sanholo ko goran ruwa. Na biyu shi ne dalma ta asali, ko darma a bakin wasu. A Kano ko Zariya wannan cakuɗa za ta iya zama abin hirar malaman harshe. A ƙasar da ke tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa, inda aka binne ɗaruruwan yara saboda dalma shekaru kaɗan da suka wuce, maganar tana da nauyi.

Abin da ya tayar mana da ita shi ne kurfoti. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kananzir ya gagari talaka, gas ya zama na lissafi, gawayi ya koma gidajen da suka yi sallama da shi. A daidai lokacin ne kuma wayoyinmu suka cika da bidiyon Amurkawa suna gasa nama a cikin wani irin kurfoti mai murfi da aka zuba da alminiyam, wanda yake gashi kuma yake banda. Duk wanda ya san masu zubin tukwane na ƙasarmu ya san abin da idonsu ya gani hannunsu zai fitar, domin samfur ɗaya kawai suke buƙata. To, kafin mu ɗora nama a kan irin wannan sabon abu, ya kamata mu san daga ina ya fito da kuma abin da aka narka aka yi shi.

Gashin nama a ƙasar Hausa ya daɗe bai nemi ƙarfe ba. A watan Janairun 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano, ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani kusa da mahauta: wutar itace a fili, an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke da ƙananan yanka, tsoka da kitse bi da bi. Shekara ɗari biyu ke nan, amma wanda ya tsaya a tashar mota da la'asar yau zai ga abin da mutumin ya gani, ba ragi ba ƙari. Tukuba tudu ce ta ƙasa da toka, wuta a tsakiya. Gwanintar mai tsire duk a tazara take da sanin iska. Ya matso da wannan tsinke, ya ja wancan baya, ya juya wanda ya fara naso, ya bar ƙuli ya kama ba tare da ya ƙone ba. Ba shi da ma'aunin zafi sai bayan hannunsa.

Kilishi ma haka. Rana ce ke yin babban aikin, a tsoma a labu, a sake shanyawa, wuta kuwa gaisawa kawai suke yi a ƙarshe. Banda ta ɗauki ɗaya ɓangaren, wato hayaƙi da haƙuri: a kafa gado na itace a kan wuta marar harshe, a jera kifi ko nama, a bar shi ya tsane a hankali har ya iya yin watanni bai lalace ba. Masuntan Gulbin Zamfara da na fadamun Gummi da wannan dabara suke kai kifinsu kasuwannin da ba su ga ruwa ba. Ranar layya kuma, a wannan yanki namu na yamma, akan banƙare rago sukutum a kan itace a jingina shi kewaye da wuta tun hantsi har dare, abin da Sakkwatawa ke kira tareni. A duk waɗannan, abin da nama ke taɓawa itace ne da hayaƙi da toka.

Ƙarfe daga baya ya shigo. Rabin ganga da ragar waya suka zama teburin mai balangu, takardar buhun siminti ta zama murfinsa. Kurfoti kuwa sunansa ma aro ne daga Turanci, kuma sunan ya nuna hanyar da ya biyo: bariki, gidajen ma'aikata, garuruwan bakin dogo. A zamanin Abacha, da layin kananzir ya yi tsawo, aka samu murhun da har yau ake kira da sunan marigayin. Kowane ƙunci na makamashi yana barin mana sabon murhu.

Shi wannan mai murfi na bidiyo, asalinsa ba wani tsoho ba ne. A 1952 wani mutum mai suna Hilton Meigs, a garin Tyler na jihar Texas, ya zuba kurfoti da alminiyam ya sa masa suna Portable Kitchen, daga baya aka koma kiransa PK, aka kuma mayar da masana'antar birnin Little Rock na jihar Arkansas. A shekarar 1952 ɗin ce kuma George Stephen, a yankin Chicago, ya raba wata ƙwallon ƙarfe ta alamar jiragen ruwa gida biyu ya fitar da kurfotin Weber mai siffar ƙwarya, wanda ya fi na Meigs suna a duniya. Dabarar duka biyun ɗaya ce: a rufe wuta, a mallaki iskar da take shaƙa.

Na Meigs kamar akushi biyu ne dogaye, ɗaya a kife kan ɗaya, da ƙofofin iska huɗu, biyu a ƙasa biyu a murfi. In gashi ake so, sai a baza garwashi a buɗe ƙofofin duka. In banda ake so, sai a tara garwashin a gefe guda, a ajiye naman a ɗaya gefen, a buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin wuta da wadda ke saman nama, a toshe sauran biyun. Hayaƙi ba shi da mafita sai ya ratsa ta kan naman. A haka zafin kan tsaya wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas na tsawon sa'o'i, nama mai jijiya ya yi laushi har a raba shi da yatsa. Alminiyam yana taimakawa domin yana yaɗa zafi fiye da baƙin ƙarfe ninki uku ko fiye, don haka jikin kurfotin gaba ɗaya ke ɗumama, ba gefe guda ba. Ga shi damina ba ta cin sa.

A ganinmu, wajen tsire bai kama ƙafar tukuba ba. Mai tsire yana kula da tsinke arba'in a lokaci ɗaya, idonsa a kan kowanne, murfi kuwa makantar da mai gashi yake yi. Inda ya yi zarra shi ne tattali. Da an gama sai a rufe ƙofofin, wuta ta shaƙe ta mutu, gawayin da ya rage a tashe shi gobe. Ga uwargidan da ke sayen gawayi leda-leda, da kuma dazukanmu da ƙirya da marke ke ƙarewa a cikinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya haɗa aikin mai balangu da na mai banda a tukunya ɗaya, a tsakar gida.

Sai dai labarin kurfotin guntu ne a kan labarin ƙarfen. Alminiyam ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, amma a maƙale yake da wasu sinadarai, wutar maƙera ba ta iya raba su. Shi ya sa kakanninmu suka narka tama suka fitar da ƙarfe tun ƙarnoni masu nisa, amma ba su taɓa ganin sanholo ba. Turawa ma sai a ƙarni na 19 suka samo shi, da tsadar da ta sa a 1884 Amurkawa suka ɗora ɗan curinsa, wanda bai kai kilo uku ba, a ƙololuwar hasumiyar tunawa da George Washington a matsayin abin alfahari. A 1886 ne wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba, suka gano yadda ake fitar da shi da lantarki. Abin mamaki, shekara ɗaya aka haife su, 1863, shekara ɗaya kuma suka rasu, 1914. Daga nan farashi ya faɗi. Yaƙin duniya na biyu ya sa aka ƙera jiragen sama dubbai da shi, da yaƙi ya ƙare duniya ta cika da tarkacensa.

A nan ne Afirka ta Yamma ta shigo. Fitar da alminiyam daga ƙasa sai babbar masana'anta, amma sake narka wanda aka riga aka fitar abu ne mai sauƙi. A digiri 660 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa sai an ninka haka. Gawayi da zuga-zugi sun isa. Emily Osborn, malamar tarihi a Jami'ar Chicago, ta bi sawun sana'ar zubin tukwane har zuwa Senegal a shekarun 1940, a Dakar da Thiès inda babban garejin jirgin ƙasa yake. Ma'aikatan da suka ga yadda ake zubi a yashi suka fita da ilimin, suka koya wa yaransu, yaran suka bazu ƙasa-ƙasa suna neman inda ba a fara ba. Babu gwamnatin da ta tsara wannan, babu makarantar da ta koyar. Daga hannu zuwa hannu sana'ar ta game yankin, har ta zama a kasuwar Katako ta Yamai da kasuwar Panteka ta Kaduna akwai layuka na masu zubi.

A ƙasar Hausa ta tarar da gurbi a shirye. Tun da can muna da maƙeran baƙi, masu garma da lauje da gatari, da maƙeran fari, masu azurfa da tagulla da farin ƙarfe, waɗanda suka san narkawa da zubawa. Alminiyam ya faɗa hannun na fari: awarwaro, ludayi, cokali, adon sirdi. Amma zubin tukunya bai tsaya ga 'yan gado ba, duk yaron da ya jure zafi yana iya koya. Aikin yana da ban sha'awa a ido. A kawo akwatin katako a cika da yashi mai danshi da ɗan yumɓu, a binne tsohuwar tukunya a ciki a daddanne, a raba akwatin a zare ta, sai siffarta ta zauna a yashin. A mayar a haɗe, a bar 'yar kafa. Can gefe yaro yana juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka, wuta tana huci, tarkace yana zama ruwa fari fat. A kwashe dattin da ya taso, a zuba ta kafar. Kafin a sha ruwa a dawo tukunya ta daskare, sai a fasa yashin, a bi ta da magagari.

Cikin 'yan shekaru ta kori tukunyar ƙasa daga kan murhu, ta bar mata tulu da randa da kaskon turare. Ba a zargi matan da suka sauya ba. Tukunyar da ba ta fashewa, ta fi saurin tafasa, ta jure tuƙin tuwon gidan mutum talatin, in ta huje a kai a narka a sake ta, wa zai ƙi? Ta shiga kayan ɗaki, ta shiga gado. Wani abin takaici a gefe: ƙasar Gini ta fi kowace ƙasa arzikin dutsen da ake fitar da alminiyam, Nijeriya kuma ta gina katafariyar masana'antar narka shi a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, wadda ta fara aiki a 1997 ta tsaya a 1999, tun daga nan tana tashi tana faɗuwa. Duk da haka, tukunyar da muke ci daga cikinta ba daga can ta fito ba. Daga buhun 'yan gwangwan ta fito.

Da wannan sabon ƙarfe ya zo, fari, mai saurin narkewa, sai muka ba shi sunan wanda muka riga muka sani mai irin wannan hali. Dalma tsohuwa ce a wurinmu. Da ita ake liƙin kwano, da ita ake harsashin bindigar toka, kuma baƙin dutsen da ake niƙawa a yi tozali da shi, dalma ce a haɗe da ƙibiritu. Sunan ya zauna, ba wanda ya damu, har shekarar 2010.

Mutanen yankin ba su buƙatar a tuna musu, amma masu karatu na nesa da ƙananan da suka taso daga baya suna buƙata. Farashin zinariya a duniya, wanda bai kai dala 300 kowane oza ba a 2001, ya haura dala 1,200 a 2010. Manoman Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Duwatsun da suke samu suna ɗauke da zinariya, suna kuma ɗauke da dalma mai yawan gaske. Aka riƙa kawo su cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana wankewa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. An ce agwagi ne suka fara ɓacewa, ba a kula ba. Sai yara suka fara amai, suna sanƙarewa, suna mutuwa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, waɗanda suka fito sa ido kan sanƙarau, suka lura maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa aiki, aka aika jini waje, sakamako ya dawo da sunan dalma.

Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da abokan aikinsu na Nijeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta a ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma a ta Bukkuyum, ƙaramar hukumar da Nasarawar Burkullu take ciki. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai wajen 400, dubbai suka rayu da gubar a jini. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. MSF ta yi sama da shekara goma tana ba yara maganin da ke fitar da dalma ta fitsari kafin ta miƙa aikin ga jiha a 2022. Masanan da suka yi aikin share ƙasar sun gano daga baya cewa abinci ma hanya ce babba: hatsin da aka daka a turmin da ya daka dutse, aka shanya a ƙasar da ta gurɓata.

Wato a wannan yanki dalma ta riga ta taɓa shiga ta ɗakin girki. Shi ya sa abin da bincike ya gano game da tukwanen zubi ya fi shafar mu.

A 2014 wasu masana, Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland a Amurka da abokansa na Kamaru, suka sayi tukwane da sauran kayan girki na alminiyam 29 a kasuwannin Kamaru, suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki na sa'a biyu don kwaikwayon girki, suka auna. Dalma ta fito daga yawancinsu. Da suka tambayi masu zubin abin da suke narkawa, amsar ita ce wadda kowane ɗan gwangwan zai ba mu: sassan injin mota da na babur, gwangwanaye, tarkacen gini, duk abin da ya yi fari ya yi sauƙi. A 2017 suka faɗaɗa zuwa ƙasashe goma, suka gwada kaya 42, 15 daga ciki suka saki dalma a adadin da za a kula da shi, wata tukunya daga Biyetnam ta saki dalma mai yawan gaske. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta fitar da sakamakon gwajin kaya fiye da 5,000 daga kasuwannin ƙasashe 25, har da Nijeriya da Gana, ta samu kusan rabin kayan girki na ƙarfe suna ɗauke da dalma fiye da ma'aunin da ta sa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa matsayinta shi ne babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Alminiyam tsantsa ba ya ɗauke da ita. A tukunyar narki take shiga: likin da ke jikin lagireto, wasu sassan inji da aka sa musu dalma da gangan don su yi sauƙin gogewa a masana'anta, tsohon fenti, ragowar batir da ta faɗa cikin buhu. Dalma tana narkewa tun a digiri 327, don haka kafin alminiyam ya zama ruwa ta riga ta bi cikinsa. Sunan da muka ba tukunyar bisa kuskure sai ya zama yana da ƙanshin gaskiya.

Kada mu wuce gona da iri. Abin da ya kashe yaran Dareta ƙasa ce da dalma ta yi mata yawan da ya ninka ƙa'ida ɗaruruwa, tukunya ba ta kusa da haka. Kuma kurfoti ba tukunya ba ne. A kurfoti nama yana kan raga, ba ya kwance a jikin zubin, babu ruwan tsami da ke tafasa yana cin ƙarfen. Idan aka jera haɗarin, mai gashi ne a ƙarshen layi. A gabansa akwai yaron da ke cin miyar yakuwa ko ta tumatir da ta yi sa'o'i a tukunyar zubi, ko kunun tsamiyar da ya kwana a ciki, kullum, shekara da shekaru. Tsami yana cin alminiyam, kanwa ma tana cin sa, duk macen da ta ga cikin tukunyarta ya yi baƙi ko ya yi ƙananan ramuka ta ga shaidar. A gaban kowa kuma akwai almajirin mai zubi, wanda ke shaƙar hayaƙin narki, yake goge tukunya ƙura tana bin hancinsa, ya koma gida da ita a riga.

To ga sabon kurfoti a tsakar gida, yaya za mu gwada shi? Hannu ba zai gaya mana komai ba. Gaskiya ne dalma ta ninka alminiyam nauyi sau huɗu, amma abin da ke cikin zubi ɗan kaɗan ne, ɗagawa ko ƙwanƙwasawa ba za su tona shi ba. Abin da ya rage shi ne tambaya, kuma mai zubi na gari ba ya jin haushin a tambaye shi me ya narka. Wanda ya ce tsofaffin tukwane da gwangwanin lemo da firam ɗin taga ya fi wanda ya ce inji da lagireto. Wutar farko a yi ta ba nama, a buɗe ƙofofi a bar ta ta ƙone mai da dattin da ke jiki. Wannan zai kori wari, amma ba zai fitar da abin da ke cikin ƙarfen ba, kada wani ya ce mana ya wanke shi ke nan.

Raga ita ce abin dubawa na gaske, tunda ita ke taɓa naman. Mun saba ganin an ciro ragar tsohon firji ko wayar shinge an ɗora, alhali irin waɗannan an shafe su da roba ko wani farin ƙarfe da ba a yi shi don wuta ba. Baƙin ƙarfe tsantsa da aka goge aka shafa wa mai ya fi. Garwashi kuma kada ya kwanta kai tsaye a kan zubin. Gawayin da ya narka ƙarfen a wurin maƙeri shi ne dai wannan, in iska ta samu hanya zai iya lotsa gindin ko ya huda shi, don haka sai an sa masa tasa ragar ko shimfiɗar yashi. Toka kada ta kwana ta sha raɓa a ciki, domin ruwan toka da muke sa wa miya ɗan'uwan kanwa ne wajen cin alminiyam. Murfin kuwa murfi ne, kada ya zama kwanon jiƙa nama da lemon tsami. Sannan duk kyansa a waje ake hura shi. Gawayi yana fitar da iska marar wari marar launi, wadda kowane hunturu take kashe mutanen da suka shiga da shi ɗaki suka rufe ƙofa.

Idan aka kiyaye waɗannan, sai a sa cinyar akuya a gefe, a jefa ɗan guntun itace a kan garwashi, a toshe ƙofofi biyu, a tafi sallar la'asar. Abin da za a tarar da magariba zai sa a gane dalilin da ya sa mutanen Texas suke rantsuwa da abin nan.

Tukunya ce ta fi wuyar sha'ani, domin ba wanda zai ce wa gidan da ke fama da abin sawa a ciki ya zubar da ita. Abin da ke hannun uwargida shi ne ta kai miya mai tsami da kunun yara tukunyar silba marar tsatsa in da hali, ko ta koma wa ta ƙasa, wadda tamu ba a shafa mata gilashin da kan ɗauki dalma a wasu ƙasashe ba, kuma kada abinci ya kwana a ta zubi. Sauran aikin a wurin narki yake. Mai zubi bai zaɓi dalma ba, kilo yake saye, kuma tarkace mai tsabta yana da masu saye da suka fi shi kuɗi. In ba a nuna masa abin da zai ware ba, kuma mai saye bai yarda ya ƙara masa wani abu a kan tukunya mai tsabta ba, zai ci gaba da narka abin da ya samu.

Jihar Washington ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta taƙaita dalma a kayan girki, bayan jami'an lafiya sun bi sawun gubar da aka samu a jinin yaran 'yan gudun hijirar Afganistan har zuwa tukwanen alminiyam da iyayensu suka zo da su. Mu muna da hukumomin SON da NAFDAC, amma tukunyar da aka zuba a bayan kasuwa ba ta bi ta teburin kowa. Na'urar gwajin kuwa ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Wata aba ce kamar ƙaramar bindiga, ana ɗora bakinta a kan abu ta faɗi ƙarafan da ke ciki cikin daƙiƙu. Da irinta aka auna ƙasar gidajen Dareta da Bagega taki-taki, da irinta kuma Pure Earth ta gwada kayan kasuwa. Guda ɗaya a hannun ma'aikacin lafiya, tare da sarkin kasuwa da shugaban maƙera, za ta iya bin rumfunan tukwane na Nasarawar Burkullu a ranar kasuwa ɗaya, mako na gaba ta wuce Gummi. Tukunyar zubi dama takan fito da lambar girmanta a jiki, wani lokaci har da sunan mai ita, domin duk abin da aka zana a samfur yashi yana ɗauka. A gefen lambar akwai wurin da zai ɗauki alamar cewa an gwada.